Ranar da Inno Ta Wanke Motar Alhaji da Toka

Damagaram, unguwar Zango,
Kakar shekarar 1960.

Zuwa ga yayana Suma'ila, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da ladabi daga ƙanwarka, tare da fatan wannan takarda za ta iske ka lafiya, kai da Shatu da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a cinikin goronka, ya tsare ku daga zazzaɓin ƙasar kurmi, ya nuna mana ranar da za ku dawo mu ga juna ido da ido. Saƙon da ka ba fatake ya iso, atamfar da goron duka, mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Abin da ban gode ba shi ne gajeriyar gaisuwarka, don mutumin da ya kawo kayan ya ce abin da ka faɗa bai wuce a gaishe mu ba, sai ka ce sayar muku da magana ake yi a can.

Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Damina ta yi kyau bana, an yanke gero, ana cikin tonon gyaɗa. Ka dai ji an ba mu mulkin kai. An yi kiɗa, an sauke tutar Faransa an ɗaga tamu, ko da yake ni ban ga an rage mini daka ba. An sa 'yata Rabi lekwal, makarantar boko, tana dawowa tana yi mana Faransanci a kan tuwo, ubanta yana gyaɗa kai kamar yana ji, alhali nasa bai wuce sunayen ƙarafan mota ba. Inno tana nan, ƙafafun ne dai yadda ka sani, in ta zauna sai an miƙa mata hannu kafin ta tashi. A kanta ne na zauna yi maka wannan doguwar takarda, kuma akwai abin da nake nema daga bakinka, saboda haka ka daure ka kai ƙarshenta.

Ka tuna na aiko maka cewa bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, Inno ta zauna ita kaɗai a garinmu Guna har ta faɗi a hanyar rijiya, Nomau maƙwabcinmu ya aiko muka ɗauko ta. Abin da ban gaya maka ba shi ne, tun da ta shigo gidan nan ba ta zauna da zuciya ɗaya ba. Ta ce jinya ta zo ba zama ba, don ita ba ta taɓa jin inda mace mai mutunci ta tare a gidan surukinta ba. Ka kuwa san kunyar da ke tsakaninta da maigidana, baban Rabi. Da safe zai cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa can nesa, ya gai da bango, ita kuma ta juya baya ta amsa wa ni da ke tsaye. In yana son ya ji ko ta kwana lafiya, ni zai tambaya, tana zaune tana ji. Na zama gidan waya a cikin gidana. Sannan don kada a ce tana cin tuwon suruki a banza, ba ta barin hannunta ya huta. Tasoshina da kwanukana sun sha toka da farin yashi har ina tsoron za su huje, kuma gaskiya tun da aka kawo ni gidan nan ba su taɓa ƙyalli irin na bana ba.

To, Alhaji Mai Nasara, mai sayen gyaɗar nan da baban Rabi ke ja wa kamiyo, babbar motar kaya, ya sayo mota bana, ƙarama, baƙa wuluk, irin wadda da can sai kumandan, Baturen mulki, muke gani a ciki. Ya sauko da baban Rabi daga kamiyo ya mai da shi sofer ɗinta, wato direba. Yaya, na san a can kun saba ganin motoci, amma ka yi mini uzuri. Ranar da ta shigo Zango tsofaffi sun miƙe tsaye, ba don girman Alhaji ba, sai don su ga ɗan unguwarsu, baƙin mutum kamarsu, zaune a baya inda Bature ke zama. Da Alhaji zai tafi Yamai bikin mulkin kai, ba a gama rufin rumfar da yake gina mata ba, sai ya ce a ajiye ta ƙofar gidanmu ƙarƙashin tsamiya, idon sofer ɗinta a kanta, har ya dawo a je filin jirgi a tarye shi da ita. Ya kuma bar wani kaki a gwangwani, mai ƙanshi tsakanin zuma da kananzir, wanda aka ce shi ke tsare fenti daga rana da ruwa. Wuni guda baban Rabi ya yi a kanta. Ya wanke, ya tsane, ya shafa kakin da tsumma kaɗan-kaɗan, ya bari ya bushe har motar ta yi furu-furu kamar ƙafar da ba ta ga mai ba. Na ce a raina shi ke nan, ya ɓata wa mutane mota. Sai ya sa wani tsumma mai laushi ya fara gogewa. Duk inda hannunsa ya wuce sai baƙin ya fito da zurfi, kamar ka leƙa rijiya. Tsamiyar gaba ɗayanta ta shiga cikin murfin injin, da rassa da ganye da gajimaren da ke bayanta. Da la'asar aka yi yayyafi, na leƙo daga zaure na ga ruwa ya ƙi kama jikinta, ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa kamar a kan ganyen gwaza. Na kira Inno ta zo ta gani. Ta daɗe tana kallo, ta ce ikon Allah, ashe ƙarfe ma an samo masa man shafawa.

Abin da ba mu sa a lissafi ba shamuwa ce. Damina ce, sun yi sheƙa a kan tsamiyar. Washegari baban Rabi ya tafi duba iyalin Alhaji, ni ina madafa, Inno ta fita ƙofar gida shan hantsi. Ta tarar shamuwa ta yi aikinta a kan murfin injin, fari fat, har ya bushe. Ta tuna wahalar da surukinta ya sha jiya, ta ga ƙazanta a kai, zuciyarta ba ta ba ta ta bari ya dawo ya gani ba. Da waɗannan ƙafafun ta lallaɓa ta shigo, ta ɗebi toka da farin yashinta da soso, ta koma ta yi wa motar Alhaji abin da take yi wa tasa. Da ta ga wurin ya dushe sai ta ɗauka daudar ce ba ta fita ba, ta ƙara ƙarfi. Salatin Kande maƙwabciyarmu ne ya fito da ni. Na tarar da tabo faɗin faifai, ruwan toka, da zane-zane zagaye, a tsakiyar wannan baƙi mai sheƙi, ana hango shi tun daga bakin lungu. Kande kuwa, Allah ya shirye ta, a gaban Inno ta ce wannan ai sai a kori mutum daga aiki a kansa. Inno ta dubi soson da ke hannunta, ta dubi tabon, ta shige gida.

Ranar ba ta sa komai a bakinta ba. Da yamma ta kira ni ɗaki ta ce in nemo mata kamiyon da ke zuwa Guna ranar kasuwa. Ta ce ta ci tuwon mutum, ta kwana a inuwarsa, yanzu kuma ta sa hannu ta ɓata masa hanyar abincinsa, ba ta da fuskar da za ta ci gaba da zama a gidansa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, duk a banza. Ka san Inno in ta kafe. Ni kuwa na san abin da komawar ke nufi. Macen da ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, wa zai ɗebo mata ruwa, wa zai ji ta in ta sake faɗuwa? Wallahi Yaya, na tabbata in ta koma ba za ta ga wata damina ba.

Da baban Rabi ya dawo ya tsaya a kan tabon, ya ga tokar da ta zuba a ƙasa, bai tambayi kowa ba. Na matsa masa ya shiga ya ce mata ya yafe. Ya ce shi wane ne da zai yafe wa surukarsa, in ya ce ya yafe ai ya ce ta yi laifi ke nan. Na ce to ya ce mata ba komai. Ya ce da wane baki, alhali abin yana nan kowa na gani, ita kuma ba yarinya ba ce. Na ji haushinsa ƙwarai, har na ce masa wannan kunyar tasu ita za ta kashe mini uwa. Sai daga baya na gane hanya ɗaya ce ta rage masa ya yi mata magana, wato ya sa tabon ya ɓace.

Da farko ya yi abin da ni ma da zan yi, ya lafta kaki a wurin ya goge. A inuwa sai ka rantse ya tafi, har na fara murna. Da rana ta karkato ta haske shi, sai ga zanen nan duka suna nan a ƙarƙashi, kakin ƙara musu sheƙi kawai ya yi. Sai ya je ya ɗauko Idirisu, tsohon sojan nan da ya koyi gyaran mota a bariki, wanda ke da garaji a hanyar Takieta. Idirisu ya yi masa dariya, ya ce kaki kamar riga yake, shi kuwa ciwon a fata yake, sai an tuɓe rigar kafin a ga girmansa. Suka jiƙa tsumma da kananzir suka cire kakin wurin, suka wanke da sabulu. Da aka tuɓe shi, tabon ya fi da muni. Idirisu ya rufe ido ya ja farcensa a hankali a kan zanen, ya ce in farce ya maƙale to an huda fentin, sai dai a kai ta Kano a sake fesawa. Bai maƙale ba, sai wuri ɗaya da ya ce yana shakka. Sannan ya ce a ba shi ruwa a buta, ya tsiyaya a kan tabon. Yaya, ina kallo da idona tabon ya ɓace ɗungum, baƙin ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. Na ce Allahu akbar, an gama. Ya ce in dai jira. Ruwan na bushewa, abin ya dawo yadda yake. Ya ce wannan alama ce mai kyau, tunda ruwa ya iya ɓoye shi to bai yi zurfi ba, hannu zai iya fitar da shi.

Maganin da ya bayar shi ya fi ba ni mamaki. Wani farin abu ne kamar kindirmo a ƙaramin gwangwani. Na tambaya wane irin mai ne, ya ce ba mai ba ne, in murza tsakanin yatsuna in ji. Na murza na ji ɗan gari-gari. Ya ce yashi ne shi ma, sai dai an niƙe shi har ya fi garin alkama laushi. Wato ba cike zanen ake yi ba, fentin da ke gefensa ake cinyewa kaɗan-kaɗan har ko'ina ya zo daidai. Amma ya gargaɗi baban Rabi cewa fentin bai fi ɓawon albasa kauri ba, in ya wuce kima jan fentin da ke ƙasa zai leƙo, daga nan kuwa babu sauran gyara a Damagaram. Ya ce a yi da sanyin safiya kafin ƙarfen ya ɗauki zafi, kuma da auduga mai tsabta wadda babu ko ƙwayar ƙasa a cikinta. Tsummoki muna da su, amma auduga irin wannan babu. Ina shiga gida na tarar da kwando a bakin ƙofar Inno, cike da audugar da ta gurje ta shiɓe don kaɗinta. Ashe duk tana ji ta bayan katanga. Ba ta ce in kai ba, ni ma ban tambaya ba, na ɗauka na kai.

Kullum gari na wayewa sai baban Rabi ya fita. Ya lakato kaɗan a auduga, ya murza a hankali a wuri kamar faɗin tafin hannu, ya share, ya karkata kai ya duba ta gefe, ya sake. Audugar farko da ya yar na ɗauka na ga ta yi baƙi ƙirin, fentin Alhaji ne ke fita, na tsorata. Duk da haka, ni da rashin haƙurina, na ce ya ƙara ƙarfi a gama, ya ce ai ƙarfin ne ba a so. Mutumin nan da na shekara da shekaru ina yi wa gorin sanyin jiki, sai ga shi sanyin nan nasa ake nema, na tsaya ina kallon hannunsa kamar yau na fara ganinsa. Ranar kasuwar Guna tana matsowa, Inno ta riga ta ɗaure kayanta. Wata safiya na kai masa kunu yana cikin aiki, ya lura da inuwar Inno a bayan ƙofar zaure. Sai ya ɗaga murya fiye da yadda ya saba, yana kallona, ya ce: "Ashe aikin nan da yashi ake fara shi. An riga an fara mini, ƙarasawa kawai nake yi." Na ji ɗan motsi a zaure.

Wurin da Idirisu ke shakka shi ya bari ƙarshe, kuma ranar ban iya kallo ba, na shige madafa ina ta addu'a. Da ya kira ni na fito, na tarar har ya mayar da kakin ya goge. Yaya, na san inda tabon nan yake kamar yunwar cikina, amma na zagaya, na durƙusa, na duba ta inda rana ke bugowa, ban same shi ba. Hoton reshen tsamiya ya ratsa ta wurin bai karye ba. Har yau in na tuna cewa abin da ya ɓata shi da abin da ya gyara shi duk yashi ne, sai in rasa abin cewa sai tasbihi. Baban Rabi ya ƙirƙiro wata tafiya ya bar ƙofar gida don ta samu fita. Inno ta fito da sandarta, ta shafa murfin da tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan, ta ce in nuna mata wurin. Na nuna inda nake zato. Ta ce ba nan ba ne, ta nuna wani wuri, sannan ita ma ta yi shakka. Na ce to yanzu sai a kwance kaya. Ta ce kamiyon kasuwa ya wuce abinsa, amma zuwa Guna yana nan, in ruwa ya ɗauke hanya ta bushe sai ta tafi.

Da Alhaji ya dawo, baban Rabi bai ɓoye masa ba. Ya ce motar ta samu tabo a hannunsa ya gyara, bai dai ambaci kowa ba. Alhaji ya sa tabarau ya nema har ya gaji, ya ce shi bai ga abin da zai yi faɗa a kai ba. Aiki ya tsira, amma ni hankalina bai kwanta ba, don ruwa na ɗaukewa Inno ta tayar da maganar. Baban Rabi ya ce in dai sai ta tafi, ba za ta hau bayan kamiyo a kan buhuna ba. Ya roƙi Alhaji aron motar na wuni, ya kuwa ba shi. Ya sa babbar rigarsa ta Sallah, muka shiga, ni da Inno a baya. Ni fushi nake yi da su duka, ita da za ta tafi, shi da ya ɗauko motar kai ta. Inno kuwa ta riƙe kujera da hannu biyu, tana kallon damman gero da rumbuna suna gudu baya, tana salati ƙasa-ƙasa. Hanyar da Baba ke wuni a kanta da jaki, kafin rana ta yi zafi mun iso.

Garin duka ya fito kallo. Gidanmu kuwa, Yaya, da ka gan shi da ka yi hawaye. Danga ta kwanta, ciyawa ta kai gwiwa a tsakar gida, rufin ɗakin Baba ya rufta, ɗakin Inno ne kawai ke tsaye. Na tsaya ina tunanin yadda zan bar uwata a nan in juya. Ta shiga ɗakin ita kaɗai ta jima, ta fito, ta sa aka kira Nomau. A gaban dattawa ta ce ya ci gaba da noma gonar a matsayin aro har a ji ta bakinka, rumbun kuma ya yi amfani da shi kada gara ta cinye. Ban gane inda ta dosa ba sai da ta nuna ƙyauren ɗakinta, wanda Baba ya sassaƙa da hannunsa shekarar da aka kawo ta, ta ce a cire mata shi. Ka san a garinmu ba mai cire ƙyaure sai wanda ya tashi ke nan. Na zauna a ƙasa nan inda nake, don na gane ba zama ta zo yi ba.

Nomau ya ciro shi, katako mai nauyi, duk jikinsa kawunan ƙusar maƙera. Aka gwada ta baya bai shiga ba, aka gwada ta ƙofa bai shiga ba. Wani ya ce sai dai a ɗora a sama. Inno ta dubi ƙusoshin, ta dubi rufin motar yana ƙyalli, fuskarta ta canza. Ta ce mini a bar shi, a mayar, ba za ta sake ɓata wa mutum mota ba. Sai baban Rabi ya matso kusa da motar. Ya cire babbar rigarsa a gaban mutanen Guna, ya ninka ta, ya shimfiɗa a kan rufin. Shi da Nomau suka ɗaga ƙyauren suka kwantar a kai, ya zura igiya ta tagogi yana ɗaurewa, daga shi sai 'yar shara. Inno tana tsaye da sandarta tana kallonsa, kallo sosai ba ta gefen ido ba. Sannan, ba tare da ta aiko ni ba, ta ce masa: "Ɗaure shi da kyau, ɗana. Gida za mu." Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inno." Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, matan Guna suka ɗauka kukan barin gari nake yi, suna ta ba ni haƙuri.

Mun dawo a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai. Ƙusa ta yaga rigar, motar kuwa ko ƙwarzane ba ta samu ba. An kafa ƙyauren a ɗakinta a nan, sai da aka ɗan faɗaɗa ƙofar kafin ya zauna. Abin da nake nema gare ka shi ne ka aiko da yardarka a kan aron gonar, don kai ne babba, kuma Inno ta ce hankalinta ba zai gama kwanciya ba sai ta ji daga bakinka.

Inno tana gaishe ka, tana sa maka albarka, ta ce a gai da Shatu da kyau, a shafa mata kan Adamu da Ladi. Baban Rabi yana gaishe ka da girmamawa. Rabi tana gai da 'yan uwanta da ba ta taɓa gani ba. Nomau da dattawan Guna sun ce in na yi takarda in sa sunansu, ga shi na sa. Ka gai da duk mutanen Damagaram da ke zango tare da ku. Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam,
Ƙanwarka, Wasila.